Abokin Rai: Labarin Mutanen Ailan da Halin da Muke Ciki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Wannan makon za mu ajiye lissafin man janareta da maganar masu jera babura a bakin ƙofa, duk da cewa har yanzu ba a daina ba. Akwai abin da ya daɗe yana cinmu tun bayan abin da ya sami wani ɗan uwanmu a watannin baya. Waɗanda suka sani sun sani, ba za mu kama suna ba. Mutum ne da muka yi shekara shida muna sahu ɗaya da shi, muna buɗe baki a tabarma ɗaya, in an yi suna ko rasuwa yana cikin na gaba. Rana ɗaya aka wayi gari shagonsa a kulle, wayarsa a kashe, iyalinsa ba su san inda ya nufa ba. Sai masu bin bashi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da muka zauna a ofishin masallaci muna haɗa takardu, muka gane abin ya fi shekara biyu yana cinsa, yana karɓar kayan wannan ya biya wancan. Ranar nan muka dubi juna muka ce, duk yawanmu a zangon nan, babu mutum ɗaya da ya iya gaya wa? Ko kuwa ya duba ne ya ga babu wanda zai gaya wa maganar ta kwana a cikinsa?

Muna cikin wannan jimami muka yi hira da wani tsoho maƙwabcinmu, Kirista, tsohon malamin makaranta, wanda limaman Katolika 'yan ƙasar Ailan suka koyar yana yaro. Kun san a nan Gabas sun riƙe da yawa daga cikin tsofaffin makarantun mishan tun zamanin Bishop Shanahan a Anaca, har ma waliyyin ƙasarsu, Fatirik, shi aka naɗa majiɓincin Katolikan Najeriya a 1961. Da muka ba tsohon labarin, ba tare da suna ba, sai ya yi shiru, sannan ya ce ɗan uwanku ba shi da anamchara. Muka ce mene ne haka, Baba? Ya ce kalmar mutanen Ailan ce, anam shi ne rai, cara kuma aboki. Abokin rai ke nan. Daga nan muka bi diddigin maganar, muka karanta abin da ya sawwaƙa.

Mun san wani zai ce me ya kai labarin Nasara cikin takardar masallaci. To, ba aƙidarsu muka zo koyarwa ba, kuma inda muka rabu da su za mu faɗa ƙarara in mun kai wurin. Amma mutane ne da suka bar gida da dangi suka zauna a ƙasar wasu, suka yi tunani mai zurfi kan wa baƙo zai buɗe wa cikinsa. Wannan kuwa tambayarmu ce.

Ailan tsibiri ne a yammacin Birtaniya, can ƙarshen Turai, bayansa sai teku. Daular Rum da ta ci Ingila da Faransa ba ta taɓa mulkarsa ba. A lokacin da muke magana babu birane a cikinsa, sai ƙananan masarautu birjik, kowace da sarkinta, dukiyarsu shanu. Mutuncin mutum da kariyarsa suna hannun danginsa. In an kashe shi su ake ba diyya, in ya yi ɓarna su ke biya. Talaka da zarar ya ƙetare iyakar masarautarsu, kusan ba shi da wani haƙƙi a gaban shari'a sai in wani ya tsaya masa. Wanda ya zo daga ƙetaren teku kuwa har suna suke masa mai ma'anar kare mai ruwan toka. Kun ji yadda suke kallon baƙo.

Kiristanci ya kafu a can a ƙarni na 5, a ƙarni na 6 kuma ruhubanci ya bunƙasa. Aka kafa manyan gidajen ibada irin su Kildare da Clonard da Clonmacnoise da Bangor. In kuna son ku hango su, ku hango tsangaya babba: bukkoki kewaye da ɗakin ibada, ɗalibai, gona, shanu, da masu kwafar littattafai da hannu a kan fata. A wurin waɗannan mutane, tunda dangi su ne komai, babbar sadaukarwa ita ce mutum ya bar ƙasarsa da danginsa don Allah, ba da niyyar dawowa ba. Har suna kiran rabuwa da duk abin da mutum yake ƙauna farar shahada, wato shahadar da ba a zubar da jini. Kolumba ya bar Ailan a 563 da abokai goma sha biyu, ya zauna a wani ɗan tsibiri mai suna Iona a gaɓar Sikotilan, can ya rasu a 597. Wani mai suna kusan irin nasa, Kolumbanus, ya tashi daga Bangor wajen 590, ya ratsa Faransa, ya ƙare a Bobbio ta Italiya, inda ya rasu a 615. Don ku auna zamanin: Kolumba ya shiga jirginsa shekaru kaɗan kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), Kolumbanus kuma ya rasu a daidai shekarun da sahabbai suka yi hijirar farko zuwa Habasha. Saƙon Musulunci bai kai ko kusa da su ba.

A cikin irin wannan rayuwa ne abokin rai ya sami gurbinsa. Kafin su, a cocin Rum, wanda ya yi babban zunubi sai ya shiga sahun masu tuba a bainar jama'a, kowa na kallonsa, kuma sau ɗaya tak ake ba shi wannan dama a rayuwa. Saboda haka da yawa suke jinkirta tuba sai sun ga mutuwa ta zo. Mutanen Ailan suka bi wata hanya. Mutum zai zaɓi wani da ya yarda da tsoron Allahnsa da hankalinsa, ya riƙa zuwa wurinsa a keɓe, ba sau ɗaya ba, ya gaya masa abin da ya aikata da abin da yake saƙawa, shi kuma ya yanka masa abin da zai yi don ya gyaru. Sun ɗauki wannan mutum kamar likita. Har littattafai suka rubuta don ja-gorantarsa, kamar na Finnian a ƙarni na 6 da na Cummean a ƙarni na 7, kuma ƙa'idarsu ita ce ana warkar da cuta da kishiyarta. Mai haɗama a sa shi azumi, mai surutu a sa shi shiru, mai yawan barci a sa shi tsayuwar dare. Aka kuma ce likitan ya duba wanda ke gabansa, yaro ne ko babba, mai ilimi ne ko jahili, da gangan ya yi ko matsa masa aka yi. Ɓarawo kuwa sai ya mayar da kayan mutane.

Suna da wani labari game da Birijid, matar da ta shugabanci Kildare. Wani saurayi mai karatun addini yana cin abinci a wurinta, sai ta tambaye shi ko yana da abokin rai. Ya ce yana da shi. Ta ce ai ya rasu, domin tana kallonsa yana cikin ci ta ga kamar abincin yana shiga gangar jiki marar kai. Ta ce ya tashi, kada ya sake cin komai sai ya sami wani. Daga wannan labari suka riƙe cewa marar abokin rai kamar jiki ne da aka cire wa kai. Labari ne irin na karamomi da suke ba waliyyansu, mu ba ruwanmu da gaskata shi. Abin lura shi ne yadda suka ɗauki al'amarin da gaggawa, har ya riga abinci.

Shi kansa Kolumba akwai labarin da marubutan baya suka bayar kan dalilin fitarsa. Suka ce ya kwafi littafin Zabura na malaminsa a ɓoye, malamin ya ce kwafin nasa ne, aka je gaban sarki, sarki ya ba malamin gaskiya, ya ce kwafi na bin littafi yadda maraƙi ke bin saniya. Rigimar ta girma, dangin Kolumba suka ɗauki makami, aka gwabza yaƙin Cul Dreimne wajen 561, mutane da yawa suka mutu. A cewar labarin, da Kolumba ya je wurin abokin ransa, wani mai suna Molaise, sai ya yanke masa cewa ya bar Ailan, ya je ya jawo rayuka zuwa ga addini gwargwadon waɗanda suka salwanta ta dalilinsa. Ku tuna Kolumba ɗan gidan sarauta ne, kuma danginsa su suka ci yaƙin. Kowa a gefensa kirari yake masa. Mutum ɗaya ne ya dube shi ya ce akwai jini a wuyanka.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai, mu 'yan kasuwa, shi ne na wani mai suna Libran, wanda Adomnan, shugaban Iona na tara, ya kawo a littafin da ya rubuta kan rayuwar Kolumba. Libran mutumin Connacht ne a yammacin Ailan. Ya kashe mutum, aka ɗaure shi. Wani mai arziki cikin danginsa ya biya fansarsa, shi kuma ya rantse zai yi masa bauta har ƙarshen ransa. Kwana kaɗan da fara aiki sai ya ji ba zai iya ba, ya karya rantsuwa, ya gudu. Ya yi doguwar tafiya har Iona, ya faɗi gaban Kolumba ya ce a yanka masa duk abin da za a yanka. Kolumba ya tura shi wani tsibiri mai suna Tiree ya yi shekara bakwai yana tuba.

In da mu ne, ai sai mu ce shekara bakwai ta wanke komai. Da Libran ya dawo, Kolumba ya ce saura mutumin da ka gudu ka bari. Ka koma wurinsa. Amma bai tura shi hannu sake ba. Ya ɗauko takobi mai ado da haure ya ba shi, ya ce ka kai masa wannan fansar kanka. Libran ya koma, matar mutumin ta ba mijinta shawara kada ya karɓi kayan bawan Allah, ya sake shi kyauta. Yana fita sai 'yan uwansa suka riƙe shi suka ce shekara nawa muna ɗawainiyar mahaifinmu kai kana can, zo ka ɗauki naka kason. Ya zauna ya yi jinyar uban har ya rasu ya binne shi. Suka ce saura uwa. Sai da ƙaninsa ya ce shi zai ɗauke masa wannan nauyi, sannan Libran ya koma Iona.

Jama'a, ku dubi abin da abokin rai ya yi a nan. Bai tona masa asiri ba, bai kore shi ba, bai kuma ce masa ai ka zo wurin ibada, bar abin da ya wuce ba. Ya mayar da shi ƙofar wanda yake binsa, da ƙofar iyayensa, sannan ya sa hannu a kayansa ya ba shi abin biya. Da muka karanta wannan wurin sai da muka ajiye takardar muka yi shiru, don mun tuna mutuminmu.

Su kansu sun san aikin nan akwai haɗari. A ƙarni na 8 wasu masu gyara da ake kira Celi De, wato abokan Allah ko bayinsa, suka taso, babbansu Mael Ruain wanda ya kafa Tallaght kusa da Dublin a 774, ya rasu a 792. A rubuce-rubucensu sun nuna cewa zama abokin ran wani abu ne mai wuya ƙwarai, domin in ka faɗi maganin gaskiya, yawanci ba za a sha ba, in kuma ka sassauta don a ji daɗinka, alhakin ya dawo kanka. Wata ƙa'ida da ake jingina wa Mochuda na Lismore ta gargaɗi mai wannan aiki kada ya yi ciniki da ran wanda ya amince masa, abin da aka ba shi na sadaka kuma ya miƙa wa baƙi da matalauta. Ashe tun wancan zamani akwai masu mayar da damuwar mutane jari.

Daga baya al'adar ta bi sawun Kolumbanus da ire-irensa ta bazu a Turai, ta rikiɗe. A 1215 babban taron cocin Katolika a Rum ya wajabta wa kowa furta zunubansa ga limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ya fara da zaɓin aboki ya zama ofis. A zamaninmu kuma wani marubuci ɗan Ailan, John O'Donohue, ya fitar da littafi mai suna Anam Cara a 1997, kalmar ta yi farin jini, yanzu har a zobe da katin masoya ake rubuta ta. Mu dai a ganinmu an cire mata ƙaya. Wanda zai tura ka Tiree shekara bakwai ba irin wanda ake rubutawa a kati ba ne.

To, ga inda muka rabu da su. A Musulunci babu wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa a wajen gafara. Babu malami ko liman ko amini da zai ce maka an yafe maka. Kuma an hore mu da suturta kanmu. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda zai yi saɓo da dare Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya zo yana ba da labari. Saboda haka in wani ya ji wannan rubutu ya ce bari ya nemi wanda zai riƙa lissafa wa zunubansa duk mako, bai fahimce mu ba.

Sai dai kuma mun daɗe muna fakewa da wannan sutura muna ɓoye abin da bai kamata a ɓoye ba. Ku tuna hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara. Ai tambaya ya je yi, kuma sai da ya faɗi abin da ya aikata. Na farko da ya tarar mai ibada ne marar ilimi, ya yanke masa ƙauna, ya cika ɗari da shi. Na biyu malami ne, ya buɗe masa ƙofar tuba, ya kuma ce ya bar garinsa ya koma garin mutanen kirki. Ba gafara malamin ya ba shi ba, hanya ya nuna masa. Wannan ita ce iyakar. Ana faɗar damuwa don neman mafita, gwargwadon buƙata, ga wanda ya cancanta. Haƙƙin mutane kuwa, bashi da amana da kuɗin marayu, ba ya cikin abin da istigfari kaɗai ke gogewa, kuma ɓoye shi ƙara masa kiba yake yi.

Kuma ba sai mun je Ailan aron wannan abota ba, muna da ita, sakaci muka yi. Da aka yi hijira zuwa Madina, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin sahabbai, mutum biyu-biyu, mafi yawa baƙo da ɗan gari. Salmanul Farisi, wanda ya baro ƙasarsa da ubansa, aka haɗa shi da Abu Darda. Ya kai masa ziyara ya ga matarsa ba ta kula da kanta, ya tambaya, ta ce ɗan uwanka ba ya buƙatar duniya. Salman ya ƙi cin abinci sai Abu Darda ya karya azumin nafilarsa sun ci tare, da dare ya hana shi tsayuwa sai can ƙarshen dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa na da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya gaskata Salman. Sayyidina Umar, yana halifa, yakan tambayi mutane aibinsa, har ya tambayi Huzaifa ko sunansa na cikin munafukai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa hanyoyi huɗu da mutum zai san aibin kansa: malami mai basira, aboki mai gaskiya da addini, bakin maƙiya, da lura da abin da yake ƙi a jikin wasu. Tun a zamaninsa yana kukan cewa irin wannan aboki ya yi ƙaranci. Mu yanzu yawancinmu da na uku muka dogara, sai an yi faɗa a kasuwa muke jin gaskiyar kanmu.

Me ya hana mu? Kada mu yi saurin cewa ƙarancin imani. Akwai dalilin da duk ɗan kasuwa ya sani. A nan, sunanka shi ne jarinka. Da shi maigida a Kano ko Sakkwato yake ɗoro maka mota ba ka biya ba, da shi dillali ke tsaya maka, da shi ake sa ka a adashi. Ranar da aka ji ka fara tangal-tangal, ranar kowa zai zo karɓar nasa, ko da kuwa da an yi maka haƙurin wata uku da ka miƙe. Sannan wanda ya fi kusa da kai a nan galibi ɗan garinku ne, shi ne kuma igiyar da ke kai labari gida, wurin surukanka da mahaifiyarka. Mai shiru ba wawa ba ne, lissafi ya yi. In muna son ya yi magana, sai mun canza lissafin.

A nan dole mu faɗi laifinmu. Shekarun baya wani ya zo ofishin nan ya gaya mana matsalar gidansa. Ɗaya daga cikinmu, da kyakkyawar niyya wallahi, ya gaya wa wani don a taya shi addu'a. Kafin La'asar maganar tana bakin masu shayi. Mutumin bai yi mana faɗa ba, har yau muna gaisawa, amma bai sake shigowa ofishin ba. Wasu kuma sun gani sun ɗauki darasi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu muka manta. Shi ma wannan da ya tafi, mun ga alamu. Ya sayar da babur ɗinsa ya ce tsufa ya yi. Ya nemi a ba shi kwasar farko a adashi sau biyu a jere. Ya daina zama bayan Isha'i. Kowannenmu ya gani, kowa ya ce kada ya shiga abin da ba a sa shi ba. Mun kira shi kunya da kawaici. Salman da ya ga tufafin matar Abu Darda bai yi irin wannan kawaicin ba.

Wani zai ce ga liman, a je wurinsa mana. A je, musamman kan hukunci. Amma liman mutum ɗaya ne, mu ɗaruruwa, kuma akwai abin da mutum ba zai iya faɗa wa wanda zai bi salla gobe da asuba ba. Abin da ake buƙata shi ne mutum ɗaya da ya san cinikinka da halinka, wanda zai iya cewa wane, kayan nan da ka karɓa da me za ka biya, kai kuma ka ji zafi amma ka amsa. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Sai dai a zaɓa da ido biyu. Wanda ke kawo maka sirrin wasu zai kai naka. Wanda ke cin riba a faɗuwarka, ko abokin hamayyarka a layi ɗaya, a bar shi a gaisuwa. Wanda kuma da ka gaya masa damuwa zai ce kawo kaza a yi maka aiki, wannan shi ne mai cinikin rai da mutanen Lismore suka yi gargaɗi a kai. Shi ma wanda aka zaɓa ya sani ba sarauta aka ba shi ba. In ya riƙe sirrin mutum yana juya shi da shi, ya ci amana ko bai faɗa wa kowa ba.

Iyayenmu mata da ke karanta wannan, ko ake karanta muku, ba mu manta da ku ba. A Ailan ma akwai mata irin su Birijid da Ita waɗanda ake zuwa neman shawararsu. Yarinya an kawo ta daga Katsina ko Zariya, an sa ta a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, maƙwabta ba sa jin harshenta, uwarta na nesa, mijinta na kasuwa daga safe har dare. Halinta ya fi namu tsanani. A gida da tana da ƙawa da uwar ɗaki da gwaggo. Manyan matan zangon nan, ku duba waɗannan yara, mace ga mace, kuma abin da aka gaya muku kada ya zama hirar gidan biki. Mu maza kuma kada mu hana su wannan don tsoron kada a ji namu.

Sai labari na ƙarshe, wanda aka ba mu izinin faɗa. Ranar Talata ɗan uwan namu ya bugo waya. Ba liman ya kira ba, ba shugaban kwamiti ba, ba mu ba. Wani dattijo ya kira, cikin masu zama a sahun baya, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin ya yi magana ta wuce gaisuwa ba. Dattijon ya zo ofis ya ce mutumin yana raye, yana lafiya, ya yarda zai dawo ya fuskanci masu binsa in za a zauna da shi cikin mutunci, kuma shi dattijon ya sa wani abu daga aljihunsa a fara da shi. Muka ce yana ina, Baba? Ya ce wannan ba a ba shi izinin faɗa ba. Muka sake tambaya ta wata hanya, ya dube mu kawai, muka ji kunya muka bari.

Saboda haka duk wanda ke bin wannan bawan Allah kuɗi ko kaya, ya zo ofis ranar Lahadi bayan La'asar da takardarsa ko shaidarsa. Masu haƙƙi kaɗai za a bari su shiga, kuma za a ajiye wayoyi a waje. Wanda ba ya binsa komai amma yana son ya taimaka, ya ga ma'aji shi kaɗai, ba za a karanta sunan kowa a lasifika ba. Iyalinsa suna nan a ɗakinsu, kuɗin haya zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci